Kujerar Hedimasta

Kujera ta huɗu ce ta maƙale a ƙofar falo. Mai a-kori-kura yana ja daga waje, Umma tana turawa daga ciki, ƙafar kujerar ta kafe a jikin katakon ƙofa, ta ƙi gaba ta ƙi baya. Sai da mutumin ya karkatar da ita sannan ta fita, ta bar dogon kwarzane a fenti. Umma ta kalli kwarzanen ta wuce. Da a bara ne, da sai maƙwabta sun ji muryarta.

Sauri take yi. Tun da safe Auta ta ɗauki hutu daga banki ta kai mahaifinta asibiti wurin gashin ƙashi, kuma in dai layi ya yi tsawo yadda ya saba, ba za su dawo ba sai yamma. Kafin nan take so ta je kasuwa ta dawo, ta gama abin da ta yi kwana da kwanaki tana saƙawa tana kwancewa ba tare da ta faɗa wa kowa ba.

Mai motar ya tambaye ta ko tashi za su yi daga gidan. Ta ce a'a. Ya ce to sayarwa za ta yi? Ta ce musaya. Ya dubi kujerun da ya jera a bayan mota, farare tas, fatarsu ko koɗewa ba ta yi ba, ya sake duban Umma. Da ya dawo ɗaukar ta ƙarshe, sai ya nuna wata kujera mai ruwan toka da ke jingine a lungu, mai hannuwa da roba a ƙafafu, ya ce wannan fa?

"Har da ita," in ji Umma. "Sa ta can ƙasa, kada ma in gan ta."

Teburi ya rage shi kaɗai a tsakar falo, samansa gilashi mai kauri, ƙafafunsa baƙin ƙarfe siriri. Auta ce ta saye shi a shekarar da ta samu aiki, shi da kujerunsa shida, duk iri ɗaya kamar an tsaga kara. Ranar da aka kawo shi mahaifinta ya zagaya shi hannu a baya, ya ce to yanzu dole kowa ya riƙa wanke ƙafa kafin ya ci abinci, tunda ana hango ta ta cikin teburi. Amma ya ji daɗi, kowa ya gani a fuskarsa. Shekara da shekaru ya yi yana shugabantar makarantar firamare, har ya yi ritaya sunan bai sake shi ba. Mai shago, mai wanki, har likitansa, Hedimasta suke ce masa. Umma kuwa Malam take ce masa, sai in ya ɓata mata rai ita ma ta ce Hedimasta. Dokarsa ɗaya ce a gidan nan, kuma ba ta da ɗaukaka ƙara: abincin dare a teburi ake cinsa, tare, ko da an wuni ba a magana da juna.

Sai ga shi wata safiya yana tsaye yana gyara gemu, kofin da ke hannunsa na hagu ya suɓuce. Ɓarin jikin ya shanye. Ya daɗe a asibiti, ya dawo gida da sanda mai ƙafa huɗu. Magana ta dawo masa a hankali, hankalinsa kuwa ko gezau bai yi ba, har wani lokaci Umma kan ce a ranta da ma ya ɗan ragu, ko bawan Allah ya huta da ganin halin da yake ciki.

Ranar farko da ya ce zai fito teburi, wasu malamai biyu da suka yi aiki a ƙarƙashinsa sun zo gaishe shi, shi da kansa ya ce sai sun tsaya sun ci abinci. Aka zaunar da shi a wurinsa na kullum. Kujerar santsi gare ta, ba ta da hannu, shi kuma jikinsa na hagu ba ya jin umarni. Ba ma faɗuwa ce ta lokaci ɗaya ba, wadda mutum zai ce tsautsayi. A hankali ya riƙa zamewa, yana ji, kowa yana gani. Ya kai hannun dama zai kama teburi, gilashi ba shi da wurin kamawa, faranti ya bi shi ƙasa. Malaman nan biyu, waɗanda a da ko tari ba sa yi a gabansa, su suka ɗaga shi ta hammata, miya tana ɗiga daga rigarsa.

Washegari Umma ta tafi shagon kayan asibiti ta sayo mai ruwan tokar. Ta ajiye ta a ƙarshen teburi, wurin zamansa, har ta yafa mata wani ƙyalle mai ado don ta yi kyau. Da yamma ya fito yana dogara sanda, ya tsaya a bakin falo. Ya kalli fararen nan a jere, ya kalli guda ɗaya tilo da ta fita daban.

"Wannan ce tawa?"

"Ita ce, Malam."

Ya gyaɗa kai, ya juya. Tun daga ranar bai sake taka falon ba. A ɗaki ake kai masa abinci, tire ya shiga ya fito kusan yadda ya shiga. An ƙara wa bel ɗinsa huda, aka sake ƙarawa. Umma ta yi lallashi, ta yi faɗa, ta yi kuka a kicin. Shi dai ya juya fuska ga bango ya ce ya ƙoshi.

Likitar gashin mace ce da ba ta tauna magana. A makon jiya ta ja Umma gefe a baranda ta ce mata ƙafa tana amsawa, hannu ma ya fara, amma mutumin ne yake tafiya. Ta ce bayan da ya saba da kwanciya mantawa yake yi da zama, jikin da ba ya samun abinci kuma ba abin da gashi zai yi masa. In aka ci gaba a haka, in ji ta, ba wurinta za a riƙa kawo shi ba. Umma ta gane abin da take nufi, ba ta nemi ƙarin bayani ba.

A wannan barandar ce kuma ta ga abin da ya hana ta barci. Kujerun masu jiran layi tarkace ne, wata ta ofis, wata ta roba, wata an ɗaure ƙafarta da waya. Sai ga Hedimasta, wanda ya ƙi kujera a gidansa, ya samu ɗaya mai hannu ya zauna abinsa, har yana gyara wa wani tsoho yadda zai riƙe sanda. A wurin ba wanda zai nuna wata kujera ya ce wannan ta marar lafiya ce. Da wannan tunanin take kwana, da shi take tashi, shi ne yau ta kira mai a-kori-kura.

Layin 'yan gwanjon kayan ɗaki yana can ƙarshen kasuwa, bayan masu fenti. Gadaje a tsaye, durowa a kan durowa, kujeru an kifa su a kan juna har rufin rumfa. Dillalin da mai motar ya kai ta wurinsa wani ƙato ne mai tsinken sakace a baki. Ya sa aka sauke fararen, ya kifa su ɗaya bayan ɗaya yana neman aibi, ya danna, ya girgiza, bai samu ba. Ya tambaya ko gado aka raba. Ta ce mai gidan yana nan da ransa. Ya ce Allah ya ba ta haƙuri, bakinsa ne ba linzami. Nan da nan ya nuna mata wani saiti na shida masu ruwan ƙasa, ya ce da su za a yi musayar, ba ta cuce shi ba bai cuce ta ba.

"Shida nake so," in ji Umma, "amma kada wata ta yi kama da wata."

Dillali ya cire tsinken daga baki. Ya ce shi dai tun yana yaro yake sana'ar nan, mutane kan zo masa kamar za su yi kuka don ɗaya ta karye a saiti suna neman irinta, yau ga mai cikakken saiti tana neman 'yan tsintuwa. Sai kuma ya tafa hannu ya ce ya gane, yayi ne, yaran zamani suna yi, ya gani a waya, ashe har ya iso wurin su Hajiya. Umma ta bar shi a haka.

Ta zaro wata igiya daga jaka mai ƙulli biyu. Ƙulli na sama shi ne tsayin teburi daga ƙasa, don kada hannun kujera ya hana ta shiga. Na ƙasa shi ne daidai inda Malam yake iya tashi ba sai an ja shi ba, a bakin gadonsa ta gwada yana barci. Duk kujerar da aka fito da ita sai ta sunkuya ta kara igiyar, gwiwoyinta suna ƙara. Da yawa a nan suka faɗi jarrabawa.

Waɗanda suka tsallake, sai ta zauna a kansu. Ta ajiye jaka, ta gyara mayafi, ta saki hannunta na hagu ya yi lilo. Sannan ta saki ƙafar, ta saki ƙugu, ta bar jikinta ya tafi inda ya ga dama. Ta farko ta kusa zubar da ita, dillali ya zaburo zai tare ta, ta ce ya bar ta. Ta biyu hannunta siriri ne, ya soke ta a haƙarƙari. Kafin ta kai ta uku masu wucewa sun fara tsayawa, wata mai talla ta sauke farantinta tana kallo, wani ya ce a bayan wani ko dai matar ba ta da lafiya ne.

Umma ba ta ji su ba. Abin da take ji daban ne. Ashe haka ne. Ashe mutum yana sane da komai, yana ganin ƙasa tana tasowa, yana ba jikinsa umarni, jikin ya yi kamar ba da shi ake ba. Ita da gangan take yi, ta san in ta so za ta miƙe, amma duk da haka sai da tsoro ya kama ta. Shi fa, da ba shi da wannan zaɓin, ga kuma idon mutane? Tausayinsa ya kama ta irin wanda ba ta ji ba ko a kwanakin asibiti. Hawaye ya zubo mata, ta share da bakin mayafi ta ce ƙurar kujerun ce.

Dillali ya daina surutu. Ya juya ga 'yan kallo ya ce ko akwai wanda ya zo sayen kaya, in babu a ba shi wuri. Da suka watse ya shige can cikin rumfa, aka yi ta jin ƙarar ture-ture, ya fito rungume da wata kujerar katako mai nauyi, irin ta tsofaffin ofisoshi, hannuwanta masu faɗi, gefenta a rufe. Ya dire ta a gabanta.

"Hagu ne?" ya tambaya ƙasa-ƙasa.

"Hagu."

"Mahaifiyata dama ne. Gwada wannan."

Ta zauna ta saki jiki. Kujerar ta tare ta ta riƙe, ko motsi ba ta yi ba. Umma ta daɗe a haka, kanta a karkace, kafin ta miƙe ta ce wannan ta shiga mota.

Sauran ba su ba ta wahala ba. Ta zaɓi wata ta saƙar kaba mai hannu, da wata mai laushi da furanni da suka koɗe, ita ma mai hannu, don kada ta Malam ta zama ita kaɗai ce mai hannu a teburin. Ta ɗauki wata koriya ta ƙarfe, da wata baƙa mai zagayayyen baya. Ta shida kuwa a kan hanyar fita ta hango ta, ta katako ce zalla, bayanta a miƙe, ba hannu ba matashi, irin wadda malami ke zama a gaban aji. Ita kaɗai ce ba ta gwada ba, don kanta ta ɗauka. Dillali ya ce a gaida mai jiki, ya ce kuma in ba su yi ba ta dawo da su, shi da ba ya karɓar kayan da suka fita.

Suna cikin cunkoso a kan hanyar dawowa wayarta ta yi ƙara. Auta ce. Ta ce sun dawo da wuri, Baba ya ƙi ƙarasa gashin, ya ce ya gaji a mai da shi gida. Ya wuce ɗakinsa bai ko kalli falo ba. Amma ita ta leƙa.

"Umma, an shigo mana gida. An kwashe kujeru duka."

"Ni ce ɓarauniyar. Ga ni nan tafe."

Ta tarar da ita a bakin ƙofa ta harɗe hannu a ƙirji, ko takalmin fita ba ta cire ba. Tana tsaye aka sauke kujerun, tana bin kowace da ido, ta kaba, ta ƙarfe, mai furanni. Ba ta yi magana ba sai da mai mota ya tafi suka shiga kicin. Can Auta ta ce da an tambaye ta. Ta ce sai da ta zagaya shaguna ba adadi kafin ta samu saitin nan, shi ne abu na farko da ta taɓa sayo wa gidan da guminta, yanzu an mai da mata teburi kamar wurin jiran mota. Umma tana yanka albasa tana saurare. Ta ce ta san ba ta kyauta ba, amma da ta tambaya da an tsaya shawara, shawara kuma lokaci take ci, su kuwa ba su da shi. Daga nan ta gaya mata abin da likitar gashi ta faɗa a baranda, wanda ta ɓoye mata duk makon.

Auta ta jingina da firiji.

"Kullum in na wuce su sai in ce ni na sayo abin da ya kayar da shi," ta ce. "Na tsane su, Umma. Amma da na ga babu su, sai na ji kamar an ce e, laifinki ne."

"Ba wanda ya ce. Ɗauko tsumma."

Tare suka goge kujerun, suka jera su. Abin mamaki, ba su yi muni ba. Gilashin ya ɗauke su duka, ana hango ƙafafunsu ta cikinsa, masu kauri da sirara, kamar dangi sun taru. Auta ta ja da baya ta karkata kai, ta sauya wa koriyar wuri da baƙar, ta ce aƙalla dai a raba masu hannu kada su haɗu gefe ɗaya. Da ta koma kicin duba tukunya, Umma ta tsaya ita kaɗai a gaban kujerar katakon mai nauyi. Ta tura ta ƙarshen teburi, wurin Malam. Ta shafa hannun kujerar na hagu, ta ji katakon da tauri, ta tuna gwiwar hannunsa da fatarta ta yi laushi har tana saɓulewa. Ta ɗauko ƙaramin tawul ta naɗe, ta ɗaure shi a wurin da zare. Ko kaɗan ba ta kawo komai a ranta ba, hannunta ne ya yi abin da ya saba.

Rana ta faɗi, aka zuba abinci. Shinkafa ce da miya, an dafa ta da laushi saboda shi. Faranti uku Umma ta jera a teburi, tire kuwa ta bar shi a rataye. Lokacin da aka saba kai masa ya yi, ya wuce. Can sai suka ji cokali yana bugun kofi daga ɗaki, alamar da yake kira da ita. Umma ta kama bakin wurin wanke-wanke da hannu biyu. Tun da aka kawo ta gidan, mutumin nan bai taɓa kira ta ƙi amsawa ba. Ya sake bugawa. Ƙafarta har ta ɗaga, ta mai da ita.

Auta ce ta goge hannu ta nufi ƙofar ɗakin. Ba ta shiga ba, daga bakin ƙofa ta tsaya.

"Baba, sai ka fito ka raba ni da Umma. Ta kwashe kujeruna ta kai kasuwa, ta kawo mini tarkace."

Umma ta kasa kunne. Mutumin da ya yi rayuwarsa yana raba faɗan yara da na malamai, bai taɓa iya jin ƙara ya bar ta a ƙasa ba, amma wannan a da ne. Har ta fara cewa a ranta shi ke nan, ta yi asarar kujerun yarinya a banza, sai ta ji gado ya yi ƙara. Sannan sanda, sannan jan ƙafa, sannan sanda.

Ya daɗe kafin ya iso. Ya tsaya a bakin falo, riga ta yi masa yawa, wuyansa ya fito. Ya bi kujerun da kallo ɗaya bayan ɗaya, yadda yake bin layin yara da safe yana duba farce. Ya tambaya ko gobara aka yi a wani gida aka raba musu abin da ya tsira. Auta ta yi dariya, dariyar ta fi ƙarfin maganar. Ya matso ya ƙwanƙwasa koriyar da yatsa, ya ce wannan ta wurin mai shayi ce. Mai furanni kuma ya ce ya taɓa ganin irinta a gidan wata gwaggonsa. Yana tafe yana dafa su, har ya kai ƙarshen teburi.

Nan ya tsaya. Ya kalli kujerar mai nauyi, ya kalli tawul ɗin da aka ɗaure a hannun hagu. Ya sa yatsa ya taɓa ƙullin zaren. Sai a lokacin Umma ta ga abin da ta yi. Duk wahalar yinin nan, ta zo ta sake rubuta masa suna a jikin kujera da hannunta.

"Na yi shekaru ina yi wa yara irin wannan dabarar don kada su ji kunya," ya ce, maganar tana fita a hankali ta gefen baki. "Ban san za a yi mini ba."

Ya ɗaga sanda ya juya. Umma ta runtse ido, tana jiran ta ji sautin ya nufi ɗaki. Taku biyu ya yi ya tsaya. Da ta buɗe ido, hannunsa na dama yana kan kujerar katakon nan mai miƙaƙƙen baya, wadda ba hannu ba matashi, wadda ba ta gwada ba.

"Auta, zauna can," ya ce, ya nuna ƙarshen teburi da haɓa. "Ke ce mai teburi. Ja mini wannan."

"Baba, wannan ai ba ta da…"

Umma ta yi mata wani kallo, sai Auta ta ja masa kujerar. Ya juya a hankali, ya dafa sanda, ya sauka a kanta da ƙarfi har ta yi ƙara. Ya gyara zama, ya miƙe bayansa, ya ɗora hannun hagun a cinya da taimakon na dama. Auta ta zauna a mai nauyin, a bakin-baki, kamar wadda aka kira ofis. Umma ta zauna a ɗaya gefen tana fuskantarsa. Ya yi bisimilla ya ɗauki cokali.

Loma ta farko lafiya, ta biyu lafiya. A ta uku Umma ta ga kafaɗarsa ta hagu ta fara sauka. Ta san wannan saukar, ɗazu ta yi ta a kasuwa. Ta ga ya cije, jijiyar wuyansa ta tashi, yana jan jikinsa da ƙarfin tsiya, jikin yana tafiya. Gumi ya tsattsafo masa a goshi. Idonsa yana kan faranti, ya ƙi ɗagowa.

Ba ta yi ihu ba, ba ta miƙa hannu ba. Ta tashi kamar wadda ta tuna wani abu, ta ɗauki farantinta, ta zagayo. Ta jawo baƙar kujerar ta manna ta da tasa ta gefen hagu, ta zauna, kafaɗarta ta dama ta haɗu da tasa.

"Duk faɗin teburin nan," ya ce, bai kalle ta ba, "sai nan?"

"Nan nake so, Hedimasta."

Da farko ta ji yana ƙoƙarin janye jikinsa, yana taɓa ta kaɗan yana komawa. Can sai ya saki. Nauyinsa ya sauko mata gaba ɗaya, kuma ba shi da nauyin da ta zata, abin da ya fi komai yi mata ciwo ke nan. Ta kafa ƙafa a ƙasa ta tsaya daram. Hannunta na dama ya matse a tsakaninsu, ba halin ta ɗaga cokali.

Ya ci gaba da ci, a hankali, shinkafa tana zuba a kan gilashi, ba wanda ya goge. Auta ta lura farantin Umma yana nan yadda aka zuba shi, ta yunƙura za ta taso, Umma ta girgiza mata kai kaɗan. Ba a jin komai a falon sai ƙarar cokali ɗaya. Ya tattara abin da ya rage a gefen faranti, ya kai baki, ya tauna, ya haɗiye. Sannan ya tura farantin wajen Auta da bayan yatsu.

"Akwai saura?"

Auta ta tashi da sauri ta nufi kicin, tana goge ido da bayan hannu. Abincin Umma ya riga ya huce a gabanta, hannunta ya yi tsami tun daga kafaɗa har yatsu. Ba ta motsa ba.